Zamanin da Ake Kiran Littafin Labari Ƙarya

A Tsafe ta ƙuruciyata, wajen ƙarshen shekarun 1980, rubutu hawa-hawa ne, kuma kowa ya san matsayin kowanne. Na sama shi ne na allo da tawada. Dole ya hau sama, domin ƙasar 'Yandoto ce, matattarar malamai tun kafin jihadi, har yau ma sarkinmu 'Yandoton Tsafe ake ce masa. Sai rubutun hukuma da na ciniki: takardar haraji, sammacin kotu, rasit, yarjejeniyar sayen gona da shaidu suka dangwala wa yatsa. Sai wasiƙa, sai insha'in makarantar boko da malaminmu ke bi da jan biro. Can ƙasa kuma littafin labari, wanda ba ka so babba ya gan shi a hannunka.

Wani hutu a Bunguɗu, kawuna ya tarar da ni a zaure na duƙufa kan wani. Ya karɓa, ya juya bangon, ya ce, "Kai yaro, mi kaka samu cikin wanga? Mutanen da ba a haihe su ba, garin da babu shi. Ƙarya ce fa." Na ce, "Kawu, labari ne." Ya miƙo mini abina yana kaɗa kai.

Kawu kuwa mutum ne mai son magana mai daɗi. Yakan raba dare yana jin kaset ɗin Sa'idu Faru ko Musa Ɗanƙwairo, bai kuma taɓa hana matansa yi mana tatsuniya ba. Abin da ya dame shi shi ne a ɗauki abin da aka ƙaga a sa shi a takarda. A wurinsa rubutu shaida ne: bashi ake rubutawa, da iyakar gona, da maganar Allah. Kuma yana da hujjarsa. Ƙagaggen labari na boko bai daɗe a ƙasar Hausa ba. A 1933 ne Rupert East na hukumar fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan a lokacin, alhali allo ya yi ɗaruruwa.

Sai da na girma na gane inda littafin labari ya rabu da sauran rubutu. Kowane rubutu yana da abin da ake gwada shi da shi a waje: rasit da kuɗin da aka biya, tarihi da abin da ya faru, wasiƙa da bakin wanda ya aiko ta. Shi kuwa mai ƙaga labari, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo, shi ke gina mutanensa da garinsu, kuma ma'auninsa ɗaya ne: mai karatu ya ce lallai haka rayuwa take. Wannan ya fi kwafe abin da ya auku wuya.

Littattafan daga Gusau muke samo su, lokacin tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ba mu Zamfara a 1996. Akwai wani shagon haya kusa da kasuwa. An ɗaura igiya daga bango zuwa bango, an rataye littattafai da abin shanya, waɗanda suka sha hannu an yi musu sabon bango da takardar buhun siminti. Mai shagon yana da wani tsohon littafin makaranta da yake rubuta sunan mai ɗauka da ranar mayarwa. A nan na fara ganin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, daga baya kuma na Bilkisu Funtuwa. Ka gama na ɗaya, ka je neman na biyu, a ce yana hannun wata a Tudun Wada.

Yawanci yayata ke aike na. An cire ta daga makaranta tun tana firamare, aka yi mata aure. Da waɗannan littattafan karatunta ya miƙe. Bayan isha'i takan kunna fitilar ƙwai, ta ɗora yatsa kan layi, matan gidan su kewaye ta. In an zo wurin auren dole ko wulaƙancin miji, sai ta dakata, musu ya kaure. Maganar da ba wadda za ta iya faɗa a kan kanta, sai ga shi suna yin ta a kan yarinyar cikin littafi. Ban san wani rubutu da ya yi wa matan nan wannan aikin ba.

Ranar da na ji cewa Hajiya Hafsat Abdulwaheed, marubuciyar So Aljannar Duniya da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, a Gusau take zaune, na yi farin ciki ƙwarai. Da ina zaton marubuta sai Kano da Zariya. Ashe macen da ta fara fitar da ƙagaggen labari da Hausa, tare muke shan ƙurar gari ɗaya.

Yau hanyar Tsafe zuwa Gusau da fargaba ake bin ta. Rahoto yana ƙidaya waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, kuma ana bukatarsa, amma ba ya shiga ɗakin uwar da ta sayar da gona tana jiran kiran waya. Ku 'yan'uwana matasa, na Jami'ar Tarayya ta Gusau da masu rubutu a WhatsApp, da 'yan matan da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, ku shiga ɗakin nan ku rubuto mana. Ku bar mutanenku su yi magana da Zamfarancinsu, ku kira Kwatarkwashi da Bunguɗu da sunansu.