Neman Aƙiƙ a Tsakuwar Kogin Kano

Ɗan yayata ne ya ja ni wannan tafiya. Yana aji biyu a babbar sakandare, kuma tun ranar da ya ga wani bidiyo a waya ya hana ni sakat. Wasu mutane ne a Amurka suke bin gefen kogi suna tsintar duwatsu, su zuba su a wata 'yar ganga da lantarki ke juyawa, bayan wata guda su fito da su suna sheƙi kamar alewa. Iri biyu suka fi nema: aƙiƙ, dutsen nan mai zane-zane da ake sa wa zobe, da kuma itacen da ya rikiɗe ya zama dutse.

"Kawu, mu ma ai muna da kogi," in ji shi.

Ran wata Asabar cikin hunturu muka kama hanyar Zariya. Daga kan gadar Tamburawa muka hango tifofi a ƙasa ana yi musu lodin yashi. A Karfi muka bar babban titi muka nufi Bunkure. Duk wanda bai taɓa zuwa yankin nan da rani ba zai sha mamaki. Ko'ina a jihar ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe sama, amma nan kore shar: alkama, albasa, tumatir, masara, ga mutane tsugune suna jan ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Ruwan daga Dam ɗin Tiga yake, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Babban kanal ne ke ɗauko shi, ƙanana su rarraba shi zuwa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Yaron ya so mu fara da kanal, na ce a'a. Kanal ba ya ɗauke da tsakuwa, sai laka da gansakuka da ƙananan katantanwa, kuma a jikin irin waɗannan katantanwar ne ƙwayar cutar tsargiya ke girma kafin ta huda fatar mai wanka. Wanda ya taɓa ganin abokinsa yana fitsarin jini ya san abin da nake nufi.

Muka bar mota muka bi wata 'yar hanya da ƙafa har bakin Kogin Kano. Ruwan bai cika shi ba, ya bar faffaɗan yashi da tarin tsakuwa a inda ya yi kwana. A irin wannan lanƙwasa, ta ciki inda ruwa ke rage gudu, nan kogi ke sauke kayansa. Yaro ya zube a gwiwa ya shiga tsinta. Cikin rabin sa'a robar da muka zo da ita ta cika.

Na zo da ƙusa da tsohuwar kwalbar lemo, don da su ake tambayar dutse sunansa. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu, mai tauri ya karce mai taushi. Farcenka yana wajen 2.5, gilashin kwalba wajen 5.5, lu'ulu'un daimon shi ne 10. Muka ɗauki wani farin dutse muka ja a jikin kwalbar, ya bar zane raɗau. Muka karta masa ƙusa, ko gezau, sai ma ƙusar ce ta bar baƙin ƙarfenta a kansa. Dutsen ƙanƙara ke nan, wanda littafin kimiyya ke kira kwaz, taurinsa 7. Da muka baje robar a ƙasa, kusan duka shi ne: fari, ruwan madara, wani ja-ja saboda tsatsar ƙarfe da ta shige shi. Sai gutsattsarin marmara da 'yan ɓaraguzan dutsen giranait. Aƙiƙ ko ɗaya. Itace kuwa, sai na gaske da ruwa ya kawo.

Fuskar yaron ta canza. Ni dai na san haka za a yi tun daga gida, amma da na faɗa masa da bai yarda ba.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Aƙiƙ yawanci yana samuwa ne a cikin ramukan da iska ta bari a narkakken dutse mai aman wuta bayan ya huce. Ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya riƙa shiga yana shafe ramin, shafi kan shafi, shi ne zanen da ake gani. Itace kuma yana zama dutse ne idan laka ko yashi ya binne shi da sauri, silika ta maye gurbin naman itacen sannu a hankali, har a ga zoben shekarunsa a jikin dutse. Ƙasar Kura da Bunkure ba ko ɗaya daga cikin biyun. Tana zaune ne a kan tsohon giranait da danginsa, wanda masana suka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 500, tun kafin a yi bishiya a doron ƙasa. Mai neman itacen dutse sai ya nufi yankin Gundumi a jihar Sakkwato, ko Marandet da Ingal a jihar Agadas ta Nijar, inda ake tono har da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun tale-tale.

Ina cikin wannan bayani, ashe mai saurarona ya yi gaba. Ya hango wani abu yana ƙyalli a cikin ruwa, ya naɗe wando. Sai muka ji tsawa daga bayanmu.

"Kai yaro! Dawo nan!"

Wani dattijo ne da shebur a kafaɗa. Ya ɗauki doguwar gora ya soka daidai inda yaron zai taka na gaba. Gorar ta shige har ta kusa ɓacewa.

"Ramin masu yashi ne," ya ce. "Ruwa ya rufe shi ya yi lumui. Malam, kai ne babba, kai ya kamata ka riƙe shi."

Ban da abin cewa sai haƙuri da godiya. Yaron ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba," muryarsa na rawa. Abin da ya hango kuwa ba zinari ba ne, ɓawon maika ne, wani ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, farce ma yana karce shi.

Baba ya zauna ya duba tsintuwarmu. Ya ware masu kaifin baki gefe guda, ya ce waɗannan 'yan gida ne. Ya ɗaga wani mulmulalle kamar ƙwan zabo, ya ce wannan baƙo ne, ya sha hanya. Bai yi aji ba, amma abin da ke cikin littafi ke nan: gogayya da 'yan uwansa a cikin ruwa ce ke cinye wa dutse kaifi, gwargwadon nisan tafiya gwargwadon mulmuluwa. Kogin Kano daga tsaunukan kudancin jihar yake fitowa, ɓangaren Doguwa inda Riruwai mai kuza take, ya ratsa dajin Falgore, sannan ya faɗa Tiga.

A nan ne na tsaya ina juya dutsen a hannuna. Idan kogi ya shiga tafkin dam gudunsa yakan mutu, duk tsakuwa da yashin da ya ɗauko su kwanta a can ƙasa. Abin da ke fitowa ta ƙofar dam ruwa ne zalla. Ke nan in har wannan mulmulallen daga can sama ya taso, to ya wuce Tiga kafin 1974, kuma babu wani ɗan uwansa da zai sake biyo shi. Ƙananan rafuka na ƙasan dam suna kawo nasu da damina, amma ba su kai abin da tifofi ke kwashewa kullum zuwa gine-ginen birni ba. Na tambayi Baba ko yashin yana raguwa. Ya nuna mini wata gaɓa da ta zabge har ta ci gefen gonar wani, ya ce da can daga nan ake ɗiba, yanzu sai an shiga tsakiya. Shi ma da shebur ɗin yake ci da iyalinsa, don haka ban ja maganar ba.

Mun rage kayanmu zuwa guda goma sha biyu, sauran muka mayar.

A gida sai batun gogewa. Injin da ke cikin bidiyon kwaikwayon kogi yake yi, sai dai a gaggauce: duwatsu da ruwa da garin gogewa mai tauri fiye da kwaz, ana sauya garin daga mai kaushi zuwa mai laushi, mataki huɗu, kowanne kamar mako guda, ba dare ba rana. Da irin wutarmu, sai dai a yi shekara. Yaron ya ɗaura robar man shafawa cike da yashi da duwatsu a ƙafar keke, ya kifa keken yana juya feda da hannu. Kwana uku ya gaji, duwatsun ko a jikinsu, domin yashin ma kwaz ne, taurinsu ɗaya. Abin da ya yi aiki shi ne baƙar sanfefar ruwa ta masu gyaran jikin mota. A jiƙa ta, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, kuma kada a goga a bushe, ƙurar kwaz tana lahanta huhu. Mako biyu ya yi a kan ƙwan zabon nan kafin gefe ɗaya ya fara ɗaukar haske.

Kakarsa ce ta gan shi yana fama, ta shiga ɗaki ta kwance wani ƙullin tsumma. Jan dutsen ado ne dogo mai huda, irin wanda tsofaffi ke kira tsakiya, gadon mahaifiyarta. Irin waɗannan jajayen duwatsu sun daɗe suna yawo a kasuwanninmu: wasu daga Kambat ta Indiya, wasu daga Idar-Oberstein ta Jamus a ƙarni na 19, wasu kuma fataken Hausawa ne suka riƙa kai ɗanyen dutsen Ilori daga can saman Kogin Kwara, a fere shi a huda. Yaron ya ɗaga shi a rana, muka ga siraran zane a ciki. Nan take ya miƙa hannu zai ɗauko kwalba da ƙusa.

"Kul!" in ji Hajiya. Ta karɓe abinta ta mayar cikin tsumma.