Haƙorin Tela da Gadar Ngeli

A babbar kasuwar N'Djamena, wadda ake kira Grand Marché, kusa da masallacin Sarki Faisal, akwai wani tela Bahaushe da ya daɗe yana ɗinki a layin masu yadi. Kakanninsa daga ƙasar Kano suka zo tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sāke masa suna a 1973. Mutum ne mai haƙuri, mai 'ya'ya biyar da keken ɗinki biyu. Yana cikin kasuwar ran 11 ga Yuli 2015, sa'ad da bom ya tashi a bakin ƙofa, mutum 15 suka rasa rayukansu, shi kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Amma abin da ya kusan kai shi kabari bayan shekara biyar, haƙori ne guda ɗaya. Labarinsa yana da amfani ga duk wanda ke shirin ƙetare iyaka domin neman maganin haƙori.

Ciwon ya soma ne a farkon 2020, a turmin haƙori na ƙasa, wajen hagu. Kamar yawancin mutanen Chadi, tela yana son shayi mai sukari da yawa, yakan sha sau uku ko huɗu a yini yana kan keke. Da fari in ya sha ruwan sanyi ne kawai yake jin tsami. Daga baya ciwon ya hana shi barci. Ya cusa kanumfari a kogon, ya ɗan sami sauƙi, gama man kanumfari yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya tsai da ruɓa. Ya sayi ƙwayoyi a hannun masu talla. Wani ya ce masa tsutsa ce, a turara masa hayaƙi ta fito. Gaskiya kuwa ita ce, ba tsutsa cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani su ne suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙori har ya kai ga jijiya.

Da ciwon ya tsananta, sai masu ba da shawara suka yi yawa, kowa da ƙasar da yake yabo. Wani ya ce Hartum, gama a lokacin mutanen Chadi da yawa can suke zuwa asibiti. Masu hali suka ce Alƙahira ko Tunis. 'Yan'uwansa suka aiko cewa ya zo Maiduguri ko Kano, akwai masauki kyauta. Amma hanyar Fotokol da Gamboru Ngala da Dikwa ta zama abin tsoro tun harin da Boko Haram suka kai Gamboru a watan Mayu 2014. Hanyar Marwa kuma tana ratsa Waza, inda aka sace iyalin wani Bafaranshe a Fabrairu 2013. Tela ya auna, ya ga ba zai sa ransa a kan waɗannan hanyoyi saboda haƙori ba.

Saura Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken ruwa. Daga kasuwa mutum zai haye kogin Shari zuwa unguwar Waliya, sa'an nan ya bi gadar Ngeli da aka gina a kan kogin Logon a 1985, sai ga shi a wata ƙasa. Kuɗin ƙasashen biyu ɗaya ne, wato sefa, mutane kuwa suna ta kai da kawo kowace rana, waɗansu cefane, waɗansu makaranta, waɗansu asibiti. Har mutanen birnin sun manta cewa iyaka ce.

Tela ya fara tambaya a wani ɗakin likitan haƙori cikin N'Djamena. Aka duba, aka ce haƙorin zai tsira in an kashe jijiyarsa an cike shi, kuɗin aiki jaka 60, wato sefa 60,000. Wani abokinsa ya ce shi a Kuseri aka yi masa irin wannan aiki da jaka 35. Da dare tela ya faɗa wa matarsa.

Ta ce, "Maigida, ratar jaka 25 ce. In an yi a nan, ko da tsakar dare abu ya tashi, mun san ƙofar da za mu buga."

Ya ce, "Maman yara, jaka 25 kuɗin makarantar yaro ne. Kuseri kuwa bayan gida ne, in na fita da safe kafin azahar na dawo."

Ba za a ce tela ya yi wauta ba. Lissafin da ya yi shi ne lissafin da talaka yake yi a ko'ina cikin duniya. Mutanen Ingila suna hawan jirgi zuwa Turkiyya ko Hungari domin gyaran haƙora, mutanen Amurka suna ƙetarawa zuwa wani ƙaramin gari na Meziko mai suna Los Algodones, wanda ya cika da likitocin haƙori. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane wajen biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki da haƙora, mafi yawansu kuwa a ƙasashen da kuɗin magani daga aljihun mai ciwo yake fita. Wanda ciwo ya matsa, aljihu kuma ya yi ƙunci, dole ya nemi inda ya fi araha.

A mako na biyu na watan Maris 2020 ya hau babur ya tafi. Likitan da ya samu mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya huda haƙorin, ya fitar da jijiyar da ta ruɓe, ya sa magani a ciki, ya toshe da ciko na wucin gadi. Sa'an nan ya ce, "Malam, aiki bai ƙare ba. Wannan cikon na 'yan kwanaki ne. Ka komo bayan mako biyu in sāke wankewa, in cike shi sosai." Tela ya biya jaka 20, saura sai ya dawo. Ya koma gida da murna, gama ciwon ya tafi sarai. A daren nan ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Ran 18 ga Maris 2020, Kamaru ta rufe iyakokinta saboda annobar korona, Chadi ma ta rufe nata. Gadar da ake ratsawa kamar ƙofar gida ta zama katanga, ta kuwa fi shekara guda ba ta buɗu ga masu tafiya ba. Ranar da likita ya sa ta zo ta wuce. Waɗansu suna hayewa a ɓoye cikin kwalekwale da dare, amma matarsa ta ce ba da yardarta ba, kada garin neman haƙori a tsinci gawa a ruwa. Tela ya ce a ransa, tun da ba ya jin ciwo, ba gaggawa.

A nan ne haɗarin yake, mai karatu ya lura da kyau. Haƙorin da aka cire wa jijiya ba ya jin zafin ruɓa kamar dā, saboda haka ba ya faɗakar da mai shi da wuri. Cikon wucin gadi yakan farfashe, abinci da ƙwayoyin cuta su shiga, su gangara ta saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Haka ya faru da tela. Cikin watan Afrilu cikon ya faɗi yana tauna nama. Bayan kwanaki kumatunsa ya kumbura. Ya sāke sayen ƙwayoyin kasuwa, yana sha kwana biyu ya bari. Sai kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar katako, zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa ya ƙi buɗuwa, yawu ma ya gagara haɗiyewa.

Likitoci sun san wannan ciwo tun 1836, sa'ad da wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana shi. Mugunya daga turmin haƙori na ƙasa takan bazu ƙarƙashin harshe, ta tura harshen sama da baya, har ta toshe hanyar numfashi. Yana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan kwanaki.

Da dare abin ya tsananta, a lokacin kuwa akwai dokar hana fita. Matarsa ta ji numfashinsa ya sāke, yana zaune ya kasa kwanciya. Ta fita ta buga ƙofar maƙwabcinsu, wani dattijo mai sayar da yadi a layinsu, wanda yake da mota.

Ta ce, "Baba Alhaji, ka taimake ni, maigidana yana shaƙewa."

Dattijon bai tsaya tambaya ba. Ya ce, "'Yata, ɗauko mayafinki. In sojoji sun tare mu, su dubi wuyansa da idonsu."

An kuwa tare su, aka haska fuskar tela da tocila, aka ce su wuce. A asibiti aka tsaga ƙarƙashin haɓarsa aka fitar da mugunya, aka sa masa magani ta jijiya, haƙorin da aka sha wahala dominsa kuma aka cire shi. Ya kwana 9 a gado. Likitan da ya yi aikin ya ce wa matar, da sun bari har gari ya waye, da wataƙila wani labari ake yi.

Yanzu bari a duba lissafin. Ya tafi Kuseri domin ya tsirar da jaka 25. Ya biya jaka 20 a can, da kuɗin babur da 'yan abin da ake bayarwa a hanya. Asibiti da magani suka ci jaka 140. 'Yan'uwa a ikilisiya suka tara abin da suka iya, Alhaji ya ranta masa, amma duk da haka sai da aka sayar da keke ɗaya. Ɗinkin Ista da na Ƙaramar Salla, wanda tela yake dogara da shi a shekara, ya wuce shi yana jinya. Haƙorin ma bai tsira ba. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Kada a ɗauka cewa laifin Kuseri ne, ko na likitan can. Akwai waɗanda suka tafi suka dawo lafiya, akwai kuma aikin da dole sai an fita waje, domin likitocin haƙori kaɗan ne ƙwarai a Chadi, yawancinsu kuwa a babban birni suke. Kuskuren tela shi ne ya lissafta tafiya ɗaya, alhali aikin na tafiya biyu ko uku ne. Iyaka kuwa ba a hannun mai ciwo take ba. Abin da ya same shi a 2020 zai iya samun wanda ya fara aiki a Hartum kafin yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, ya rufe filin jirgin sama na birnin.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo rumfarsa da hannu a kumatu yana maganar tafiya, tela yakan ajiye almakashi ya yi masa tambayoyi.

Ta fari, sau nawa za ka koma? Cire haƙori aikin rana ɗaya ne, amma ramin yakan yi ciwo mai tsanani bayan kwana biyu ko uku in gudan jinin da ya rufe shi ya fita. Kashe jijiya yakan ɗauki zuwa biyu ko uku. Dasa haƙori a cikin ƙashi yana bukatar wata 3 zuwa 6 kafin ƙarfen ya kama. A tambayi likita tun kafin ya taɓa bakin, a kuma lissafta kuɗin mota da masauki da kwanakin da rumfa za ta zauna a rufe.

Ta biyu, in hanya ta rufe, wa zai ƙarasa aikin? A karɓi takarda mai bayyana abin da aka yi, da sunan magani, da hoton haƙorin in an ɗauka. Tela ya dawo hannu wofi, bai kuma san cewa wani likita a N'Djamena zai iya ƙarasa abin da aka fara ba. Da ya nema a watan Afrilu, da ya biya kuɗi kaɗan ya huta.

Ta uku, da me ake tsabtace kayan aiki? Ciwon hanta yana bin jini, ƙarfen da ya shiga bakin wani kuwa ba ya tsarkaka da shafa auduga. Akwai tukunya ta musamman mai dafa kaya da tururi mai zafin awo 121 ko fiye. Mai ciwo yana da iko ya tambaya, ya kuma ga an ɓare sabuwar allura a gabansa. Wannan ya shafi mai cire haƙori a gefen kasuwa, ya shafi mai sa haƙorin zinariya, a gida ko a waje.

Ta huɗu, ka san alamun da ba a jira da su? Kumburi da ya sauka wuya ko ya hau wajen ido, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, wahalar haɗiya ko numfashi. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nufi asibiti mafi kusa a sa'ar nan, kada ya tsaya tara kuɗin wata ƙasa.

Tela yana nan a layin masu yadi har yanzu. Ya gama biyan Alhaji bayan shekara biyu, ya sayi wani tsohon keke ya ɗora babban ɗansa a kai. Ya rage sukari a shayi, yana goge baki safe da dare da man goge haƙori, asawaki kuma yana aljihunsa. Tabon yana nan ƙarƙashin haɓarsa, gemu bai rufe shi duka ba. Gadar Ngeli ta buɗu, yakan haye ya sayo zare da maɓallai. Ya taɓa biyawa ta wurin likitan nan ya ba shi labari, likitan ya riƙe kai, ya ƙi karɓar sauran jaka 15. Matarsa kuwa, in maganar ta taso a gida, ba ta cewa kome, sai ta miƙa masa tuwo ta gefen dama, inda yake iya tauna.