Khartum a Watan da Aka Toshe Intanet

Khartum gari uku ne da gadoji suka ɗinke: Khartum ɗin kanta, da Umdurman, da Bahri. A tsakaninsu Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa, a wurin da ake kira Mugran. In ana zaman lafiya, mutum kan karya kumallo a wannan gari ya ci abincin rana a wancan. In rigima ta tashi kuwa, gadojin ake fara tsarewa, abokinka na tsallaken ruwa ya yi maka nisa.

A irin wannan hali na zauna a garin cikin 2019. Tarzomar ta faro tun Disambar 2018 a Atbara, bayan kuɗin burodi ya ninka uku. Ranar 6 ga Afrilu jama'a suka fara zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja, ranar 11 sojoji suka tuɓe Umar al-Bashir bayan kusan shekara 30 yana mulki. Masu zaman suka ƙi tashi sai an miƙa mulki ga farar hula. Da asubahin 3 ga Yuni, ana gab da ƙaramar Sallah, aka far musu da harbi. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe sama da mutum 100, hukuma ta faɗi adadin da bai kai haka ba. Daga nan aka toshe intanet ta wayar hannu, ba a buɗe ba sai 9 ga Yuli.

Ɗan gari yana da dangi da maƙwabta. Baƙo kuwa wayarsa ce danginsa, ga ta nan a hannu ba ta da amfani. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen gida suna ganin hotunan abin da ya faru, ni da nake garin ban gani ba. Hankalinsu ya fi nawa tashi. Kiran ƙasar waje yana cin kuɗi, takardar kuɗin ma ta yi wuya, don mutane kan wuni a layin banki su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai muka yanke shawara da gida da wasu abokai: kullum bayan magariba zan kira, gajeriyar magana, in faɗi inda nake da inda zan kwana. Wanda ya ji muryata ya isar wa sauran. Wannan ƙa'ida ta kwantar mini da hankali ƙwarai, domin ta raba yinina gida biyu, ta kuma hana ni bin kowace jita-jita.

Dabarar ba tawa ba ce. Wani dattijo Bahaushe ne a unguwar Mayo ya koya mini, daga cikin jikokin mutanen da suka taso daga ƙasarmu da niyyar Makka suka yada zango a Sudan. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kada ka tsallake gada sai ka kira wanda ke can ya gaya maka abin da idonsa ya gani. Kada kuma ka kwana inda mutum biyu ba su sani ba." Na ce, "To, Baba." Haka kuwa kowa yake yi. Tun da kira da gajeren saƙo suna tafiya, da safe wayoyi kan cika da "mun kwana lafiya". Wanda bai amsa ba, a tashi yaro ya je ya duba, yana ratsa shingayen bulo da samari suka jera a tituna.

Natsuwar yini kuwa a wurin mai shayi na same ta. A lokacin mata masu shayi suna ko'ina a Khartum, ƙarƙashin darbejiya, da ɗan akwatin ƙarfe da murhun gawayi da ƙananan kujeru saƙaƙƙu da igiyar roba. Wadda nake zuwa wurinta takan jera kwalabe a gabanta: citta, kirfa, kanumfari, na'ana'a, zoɓo. Kafin ta ɗora ruwa sai ta ɗauki garwashi ɗaya da awartaki ta sa a kasko, ta barbaɗa turaren wuta. Kofin jabana takan kawo shi cikin 'yar buta mai dogon wuya, da citta a ciki har sai ya ɗan yi yaji. Zafi ya haura digiri 40, wani lokaci a ji ƙarar bindiga daga nesa, hannunta bai taɓa sauri ba. Ta san wanda ya zo jiya da wanda bai zo ba, kuma a wurinta ake barin sallahu. Duk wanda ya zauna ya sha kofi biyu zai tashi da labarin hanyoyin da suka buɗe, daga bakin direban da ya biyo su.

Ba na yabon toshewar intanet ɗin nan ko kaɗan. An yi ta ne don a rufe bakin shaidu, kuma iyaye da yawa sun yi ta yawo asibiti-asibiti suna neman 'ya'yansu ba tare da hanyar cigiya ba. Duk da haka ranar 30 ga Yuni dubban mutane suka cika tituna, kuma baki da baki da takardun hannu aka yi gayyar.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, waɗanda na sani a can sun watse, wasu Port Sudan, wasu Masar, wasu ƙauyukan iyayensu. A Fabrairun 2024 layukan waya suka sake ɗaukewa a yawancin ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu intanet ta Starlink. Yanzu ranar Juma'a nake aika musu saƙon murya, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya amsa a ranar, wani sai bayan makonni idan ya samu inda zai kama layi, kuma akwai biyu da har yau nake cigiyarsu ta hannun sauran.