Lissafin Baba

A gidanmu na Darki ba mu taɓa ganin Baba da littafin bashi ba. Shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwa, kuma wanda ya ci bashin mudu uku na gero bara, da wanda ya biya rabi, duk suna cikin kansa.

Da ya fara ba mutum canji sau biyu, dariya muka yi. Da ya dawo daga masallaci ya tambayi Inna ko an yi la'asar, muka ce tsufa ne. Wasu dangi suka ce jifa ne daga abokan kasuwa, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ba wanda ya tuna da ƙwayoyin hawan jinin da aka rubuta masa shekaru biyar da suka wuce. Wata biyu ya sha, ciwon kai ya lafa, ya ajiye. Mu ma muka ce ya warke. Gaskiya tsadar maganin ta sa muka yarda da wuri.

Sai da muka kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka yi hoton ƙwaƙwalwa, sannan muka gane. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ta wasu jijiyoyin jini sirara ƙwarai. Idan jini ya daɗe yana bugunsu da ƙarfi, sai su yi kauri, hanya ta tsuke, ƙananan wurare su riƙa mutuwa shiru. Mu kuwa shanyewar ɓarin jiki kaɗai muka sani, shi ya sa muke kallon hannu da ƙafa. Saurin tunani da tsara abu sukan fara raguwa, wato daidai inda arzikin Baba yake.

Abin da ya mutu ba ya dawowa, in ji shi, amma ana iya rage gudun ɓarnar.

Yanzu Inna ta rage gishiri da magi, Baba yana ta ƙorafin miya. Mu shida muka auna jininmu, biyu sun haura 140/90, cikinsu har da wanda bai kai arba'in ba.

Baba yana zuwa kasuwa har yau. Autanmu ne ke riƙe littafi. Wani lokaci Baba kan leƙa shafin ya ce, "Kai, wannan ai ya biya." Wani lokacin kuma shi ne da gaskiya.