Fami: Tsoron da Damina Ke Dawowa da Shi

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akan kawo wannan karin magana don zolayar matsoraci, alhali kuwa yana ƙunshe da ilimi mai zurfi game da zuciyar ɗan Adam, wato masifa takan wuce ta bar firgicinta a jiki.

A watan Agusta na 1988, daminar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, an tafka ruwa a Kano wanda ya rusa gidaje masu yawa a cikin birni. Gidajenmu na wajen Ƙofar Ɗan Agundi galibi ginin ƙasa ne mai rufin azara. Irin wannan gini yana jure ruwan da ya zo ya wuce, amma marka takan ci ƙarfinsa. Kududdufai suka cika suka batse, ruwa ya kwanta a gindin katangu, har suka riƙa zubewa cikin dare. Ɗakin kakata na cikin waɗanda suka rufta, kuma a cikinsa Allah ya karɓi ranta. A lokacin ina ɗan sakandare. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya ce mana sai haƙuri, muka kuwa yi.

Bayan shekara 36, a watan Satumba na 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ban rasa kowa a can ba, hotuna kawai na gani a waya. Amma da hadari ya haɗo a Kano cikin makon, sai gabana ya yanke ya faɗi. Na tashi tsakar dare ina shafa bangon siminti, ina neman danshi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya dawo mini da rashin kakata sabo fil, tamkar jiya aka yi shi.

A matsayina na ɗalibin harshe, na nemi sunan abin da ya same ni. Tsoro na abin da ke gaban mutum ne, fargaba ta abin da ake jiran aukuwarsa ce, razana kuwa ta bazata ce. Kalmar da ta fi dacewa ita ce fami, wato a taɓa tsohon ciwo ya tashi. Wanda aka fama wa ciwo ba a zarginsa da ƙin shan magani. Haka nan dawowar alhini ba ta nuna ƙarancin tawakkali, domin Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Abubuwa uku suka taimake ni. Na farko, kiran abin da sunansa, da tuna wa raina cewa daren yau daban, na 1988 daban. Na biyu, mayar da tsoro aiki: yashe magudanar ruwa da gyara indararo. Na uku, zama da 'yan'uwa mu ambaci marigayiya, mu yi mata addu'a. Idan kuwa firgicin ya ɗauki makonni yana hana barci da aiki, to ganin likita ya kama, kuma babu abin kunya a ciki.

Ya ku malaman gobe, za ku tarar da yaran da ambaliya ta raba da gidajensu ko iyayensu. Idan aka yi tsawa kuka ga yaro ya takure, ko ya kasa bin darasi duk ranar da hadari ya haɗo, kada ku yi masa bulala, kada kuma ku bari 'yan aji su yi masa dariya. Ku jawo shi a jiki, ku saurare shi, ku tuntuɓi na gida, domin ta yiwu ciwo ne aka fama masa.