Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana, Mai Farautar Tsofaffin Kaset



Babana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Labari ya iske ni cewa ka duƙufa wajen tara tsofaffin wasannin kiɗan rok, irin waɗanda 'yan kallo suka naɗa da kansu daga tsakiyar taro a Amurka da Ingila tun shekarun 1960 da 1970. Mahaifiyarka ta ce in ja maka kunne. Ni kuwa da sana'ar naɗar kaset na ciyar da ku, don haka bakina ba zai iya cewa ka bari ba. Sai dai harkar nan tana da masu adana tarihi, tana kuma da 'yan kasuwar bayan fage, kuma ina so ka san a wane layi za ka tsaya. Na sa wasiƙar a fili ne don na san akwai samari irinka da za ta yi wa amfani.

Ka fara da sanin asalin abin. A ranar 9 ga Nuwamba 1969 ƙungiyar Rolling Stones ta yi wasa a Oakland, jihar Kaliforniya. Wani saurayi, Dub Taylor, ya shiga da rikoda ƙirar Uher da doguwar makirufo, ya ɗauke wasan. Ba a jima ba sai ga shi a kan faifai da sunan Live'r Than You'll Ever Be, ana ta rububinsa. A 1970 ƙungiyar ta fitar da nata faifan na wannan rangadi, Get Yer Ya-Ya's Out!, kuma masana da dama suna ganin cinikin wancan na bayan fage ne ya zaburar da su. Tun daga nan aka ja daga tsakanin masu kiɗa da masu naɗa. Peter Grant, manajan ƙungiyar Led Zeppelin, ya yi suna wajen bin masu rikoda a cikin taro yana ƙwace kayansu, domin a wurinsa duk mai naɗa ɓarawon guminsu ne.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ka nemi labarin Mike Millard na Los Angeles. Shi wannan a keken guragu yake shiga zaure alhali ƙafafunsa lafiya lau, rikodarsa Nakamichi 550 tana ɓoye a ƙarƙashin mazauni, makirufo kuma a maƙale a hularsa. Wannan yaudara ce, kuma ba ita nake yaba masa ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda ya riƙe abin da ya samu. Mutumin nan ya tsani a sayar da aikinsa. Duk wanda ya kwafa wa kaset sai ya saka wata alama a cikin sautin, ya rubuta ya ajiye, domin in ta ɓulla a kasuwa ya san wanda ya ci amanarsa. Naɗin da ya yi wa Led Zeppelin a zauren Forum ranar 21 ga Yuni 1977, wanda masu tarawa ke kira Listen to This Eddie, har yau ana sa shi a sahun farko. Millard ya rasu a 1994. A 2003 Jimmy Page, mai jitar Led Zeppelin, da kansa ya ɗauki wani yanki na wannan naɗi ya saka a faifan bidiyon ƙungiyar. Ka ga abin da a da ake farautar mai yinsa ya dawo yana yi wa masu kiɗan amfani.

'Yan ƙungiyar Grateful Dead kuwa wata hanya suka bi. Daga 1965 zuwa 1995 sun yi wasa sama da 2,300, kuma ba su cika maimaita kiɗa yadda suka yi shi jiya ba, shi ya sa kowane dare yake da masu nemansa. A 1984 suka keɓe wa masu rikoda wurinsu a cikin zaure, bisa sharaɗi ɗaya: a yi musaya, kada a sayar. Mutum zai aika da kaset fanko da kuɗin gidan waya, wanda bai taɓa ganinsa ba ya naɗa masa ya mayar. Dubban waɗannan naɗe-naɗe yanzu suna rumbun Internet Archive, kowa na iya saurare kyauta. Wannan ita ce al'adar da nake so ka gada. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗi mai tsoka don wasan da bai kaɗa ba, bai kuma naɗa ba, ka yi masa sallama ka wuce. In kuwa masu kiɗan sun fitar da wasan a hukumance, saya nasu, haƙƙinsu ne.

Za a tambaye ka me kake ji a kaset mai shuu da ihun mutane alhali ga faifai tsaf a kanti. Amsar ita ce faifan kanti an yi masa kwalliya. Ko wanda aka ce na kan dandamali ne, sau da yawa an koma ɗakin naɗa an gyara murya ko jita. Sautin da aka ɗebo daga teburin injiniya kuma yana da tsabta, amma babu zauren a cikinsa. Naɗin ɗan kallo shi ne ke ba ka daren yadda ya kasance: amsa-kuwwar gini, mawaƙi yana roƙon a daina jefa abin fashewa, mai ganga ya kuskure ya gyara, na kusa da makirufo yana surutu. Shaida ce ta wanda yake wurin.

To shaida kuwa sai da asali. Kaset kamar labari ne da ya bi ta bakin mutum biyar: kowane kwafi yana rage wani abu ya ƙara shuu. Saboda haka kafin ka karɓi naɗi ka tambaya: wa ya ɗauka, da wace na'ura, a wane gari, ranar nawa, kwafi na nawa ne daga uwar kaset? Ka rubuta amsar ka haɗa ta da naɗin, kada ka raba su. Abin da ba a sani ba ka rubuta ba a sani ba, kada ka cike gurbi da zato. In za ka juye a kwamfuta, ka adana a tsarin FLAC da ba ya zubar da komai. MP3 na sauraro a waya ne, ba a musaya da shi. Ka duba gudun zaren kaset ɗin, domin rikodar da batirinta ya yi sanyi a tsakiyar wasa takan sa muryar ta haura idan aka kunna a na'ura mai lafiya. Ka goge kan rikodarka, ka daidaita shi da zaren. Kada son tsabta ya sa ka kankare shuu har ka tafi da ƙarar faranti da numfashin mawaƙi. Ka ajiye kwafin farko yadda yake, ka yi gyaranka a kan na biyu. Kaset ɗin kansa ka nisanta shi da zafi da danshi da ƙura da maganaɗisun lasifika, kwafin kwamfuta kuma ya zama yana wuri biyu.

Sai jan kunnen da aka aiko ni da shi. Kuɗin makaranta ba na kaset ba ne, dare kuma yana da haƙƙin barci da na asuba. Ka saurari gwanintar mutanen nan, ka bar musu rayuwarsu. Mawaƙan rok Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970 suna da shekara 27 kowannensu, giya kuma ta kashe John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, a 1980, daga nan ƙungiyar ta watse.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Wasannin Turawan nan suna da dubban masu kula da su, ko ka bari ba za su ɓata ba. Na gida fa? Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999. Sun yi wasa a bukukuwa da naɗin sarauta, mutane sun ɗauka da ƙananan rikodojinsu, kaset ɗin suna nan a akwatuna zafi yana cinsu, waɗanda suka san ranar da wurin kuma suna ta ƙarewa. Idan za ka zo hutu, ka taho da rikoda mai kyau da littafin rubutu. Ni zan kai ka wurin abokan sana'ata na dā, kai kuma ka yi aikin da ka koya, da izinin masu kayan da iyalan mawaƙan.

Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Mahaifinka.