Tsince-tsincen Bakin Ruwa

Wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya ga jeren kwanuka tun daga ƙasa har rufi, ya san ba don a ci tuwo a cikinsu aka jera su ba. Jeren yana faɗin arzikin gidan da ta fito, da irin gatan da take da shi. To, a ƙasashen Turai ma an yi wani irin jere tun ƙarni na 16, sai dai nasu na sarakuna ne da attajirai da masana. Sukan keɓe ɗaki ko kabad su cika shi da abubuwan al'ajabi da jiragen ruwa suka kwaso daga nesa, kamar su ƙumba da katantanwa da busasshen kifi da haƙoran dabbobin da ba su san sunansu ba. Daga irin waɗannan ɗakuna ne gidajen adana halittu na zamani suka samo tushe.

Wani mai fasaha mutumin Amurka, Mark Dion, shi ne ya tono wannan tsohuwar al'ada ya mai da ita sana'arsa. An haife shi a 1961 a New Bedford, garin bakin teku wanda ya yi arziki a ƙarni na 19 da farautar babbar dabbar nan ta ruwa da ake kira wel, don a sami man fitila daga kitsenta. A 1999 ya tara 'yan sa kai a birnin Landan suka gangara gaɓar Kogin Tems. Shi wannan kogi yana bin cikar teku da janyewarta, saboda haka sau biyu a rana ruwa yakan ja da baya ya bar taɓo a fili. Suka yi ta tsince-tsince a wuri biyu, Millbank da Bankside, sa'an nan suka kafa tantuna a harabar gidan fasaha na Tate, suna wanke abin da suka samo suna rarraba shi a gaban jama'a. Akwai lofe na yumɓu da tsingaro da ƙasusuwan dabbobi, akwai kuma murfin kwalba da kayan wasan yara na roba. Duka aka jera su cikin wani ƙaton kabad na katako mai fuska biyu, irin na masanan dā.

Wani zai ce ai wannan juji ne kawai aka yi wa kwalliya, ina fasaha a ciki? Tambayar tana da ƙarfi, amma amsarta tana cikin kabad ɗin. Dion bai jera kayan bisa tsufansu ko tsadarsu ba, sai bisa kamanninsu, har ya zamana abin da ya shekara ɗaruruwa cikin taɓo yana zaune kusa da wanda aka jefar bara. Mai kallo yakan buɗe durowa yana neman takardar da za ta gaya masa wanne ne kayan tarihi, wanne ne shara, ya rasa. A nan ne zai fara gane cewa a kowane gidan tarihi da ya taɓa shiga, akwai wanda ya yanke masa wannan hukunci tun kafin ya zo, ba tare da an shawarce shi ba.

A 2011 aka gayyace shi gidan adana halittun teku na Monako, wanda Yarima Albert na ɗaya ya buɗe a 1910. Ya shiga ɗakunan ajiyarsu ya fito da abubuwan da suka daɗe ba a gani ba, ya cika bango guda da su. Abubuwa biyu na shekarar 2010 ne suka zama ginshiƙin wannan nuni. Na farko shi ne kammala ƙidayar halittun teku, wadda masana kimanin 2,700 daga ƙasashe fiye da 80 suka yi shekara goma suna yi. Na biyu kuwa fashewar rijiyar man Deepwater Horizon ce a Tekun Meziko, inda mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala cikin ruwa. Watau a shekarar da aka gama ƙirgen dukiyar, a cikinta aka zuba mata guba.

Yana da kyau a gwama wannan da aikin Damien Hirst na Ingila, wanda a 1991 ya sa aka kamo masa kifin shak daga Ostareliya, ya tsoma shi cikin akwatin gilashi mai maganin hana ruɓa. Aikin ya yi suna, ya kuma yi kuɗi. Amma kifin ya ruɓe duk da maganin, har sai da aka kashe wani aka musanya shi a 2006. Hirst ya maimaita abin da masanan dā suka yi ne, wato a kashe don a adana. Dion kuwa, a gaɓar Tems, abin da ruwa ya riga ya tofar ya ɗauka, kuma wannan ya fi kama da aikin mai tunani.

Bahaushe, duk da nisansa da teku, yana da hannu cikin wannan zance. Wuri, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, kwanson wata 'yar halittar teku ce da ake kwasowa musamman daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya. Da shi aka yi ciniki a kasuwar Kurmi, da shi aka biya sadaki da haraji, da shi kuma aka sayi mutane. Da Turawa suka kawo sulalla sai ya faɗi, ya koma adon 'yan bori da kayan masu duba. Yau ana iya samunsa cikin durowar gidajen adana halittu, da 'yar takarda a gefensa mai ɗauke da sunansa na Latin, Monetaria moneta, da sunan tekun da aka samo shi. Takardar ba ta ambaton Kano, balle bayin da aka ƙirga da shi.